Gidan da Aka Hana Ni Durƙusawa

Kafin in ga komai na Amurka, sai da aka raba ni da akwatina. Ina tsaye a filin jirgin JFK ina rarraba ido, wani mutum mai kwat da takarda a hannu ya zo ya ce daga makarantarmu aka aiko shi tarbar sababbin ɗalibai. Ya karɓi akwatin da ladabi, ya ce in tsaya a nan zai juyo da mota. Har yau bai juyo ba. A ciki akwai zannuwana huɗu, da kilishi, da yaji da daddawar da Inna, mahaifiyata, ta ƙulle mini da hannunta. Hawaye kam na zubar, amma ko a lokacin abin da nake ta saƙawa shi ne yadda fuskar mutumin nan za ta koma idan ya kwance ƙullin daddawa. Haka Allah ya yi ni, da son sanin abin da bai shafe ni ba. Inna takan ce tun ina goye nake leƙen tukunyar mutane.

Sunana Rakiya, 'yar Rano. Ina koyarwa a makarantar 'yan mata sai gwamnatin jiharmu ta ba ni gurbin karatun kimiyyar abinci a New York, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba.

Wanda ya tsince ni a ranar wani direban tasi ne, Baba Issaka, mutumin zangon Kumasi. Salatin da nake ta yi ya ji, ya matso ya ce, "Ɗan'uwa, kai daga ina?" Na waiga ina neman namijin da yake yi wa magana, ashe da ni yake, haka Hausarsu take. Ya kai ni Parkchester gidan Malam Garba, wani ma'aikacin ofishin ƙasarmu da ƙanen babana ya ba ni adireshinsa. Mutanen kirki ne, amma ɗakuna biyu ne da yara huɗu. Wata uku ina kwana a kujerar falo, ina tashi kafin kowa in naɗe shimfiɗa, in bi jirgin ƙasa mai lamba shida zuwa makaranta hannuwana a cikin hammata saboda sanyi.

Da na fara neman ɗaki na ga wani abu kuma. A waya ɗaki yana nan. Da zarar an buɗe ƙofa an ga fuskata, sai a ce yanzun nan aka kama shi. Wata mata ma ko sarƙar ƙofar ba ta cire ba. Baba Issaka ne ya ce in gwada wajen Yahudawan da ke can arewacin Manhattan, ba sa cin alade, namansu kuma yanka ne. Akwai wata tsohuwa da yakan kai gidan rediyo, ya ji tana neman wadda za ta zauna da ita.

Hawa na biyar ne. A jikin ƙofar, ta dama, an kafe wani ɗan ƙarfe kamar laya, har na miƙa hannu zan taɓa aka buɗe. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, kai fari fat, leɓe ja, tana tsaye a miƙe kamar an saka mata sanda a baya. Ta ce sunanta Ilza. Ni kuwa na yi abin da aka koya mini tun kafin in iya magana: na cire takalmi a bakin ƙofa, na tattara zane, na durƙusa zan gaishe ta.

"Tashi!"

Ban san muryar da ta kai wannan za ta iya fitowa daga jiki irin nata ba. Na miƙe ba shiri, har ina tuntuɓe da takalmina. Fuskarta ta yi fari. Na ce shi ke nan, wannan ɗakin ma an kama shi.

Sai ta ja numfashi ta ce, "Ɗakin naki ne idan kina so. Doka ɗaya ce. A gidan nan ba a sa gwiwa a ƙasa. Ba don gaisuwa ba, ba don shara ba, ba don komai ba."

Na ce, "Madam, salla fa?"

Ta dube ni ta ce, "Wannan tsakaninki da Allahnki ne. Ki dai rufe ƙofa."

Dokar kuma da gaske take. Abin goge ƙasan gidan mai doguwar sanda ne. Idan maɓalli ya gangara ƙarƙashin gado, da lema take zaƙulo shi, in ya ƙi fitowa a bar shi can. Ta matsa in riƙa kiranta Ilza kawai, na ce bakina ba zai iya kama sunan sa'ar kakata gatsau ba, muka tsaya a kan Madam. Kullum da safe sai in tsaya ƙiƙam a gabanta in ce barka da asuba, ina jin kaina kamar marar tarbiyya.

Bangon falon cike yake da hotuna. Wata budurwa da kambin sarauniya, wata da kayan mabarata, wata tana dariya a cikin mota marar rufi. Na yi kwana uku ina kallonsu kafin in gane duk ita ce. Na fara tambaya, ba ƙaƙƙautawa, har ta gaji ta kafa mini wata dokar: tambaya ɗaya a rana, ƙarfe huɗu, lokacin shayi. Da wannan tambaya ɗai-ɗai na haɗa labarinta, kamar mai tsintar gyaɗa bayan an yi roro.

'Yar wani mai ɗinkin safar hannu ce a Viyana. Tana da shekara goma sha tara ta hau dandamali, kafin ta kai talatin babu wanda bai san ta ba a garin. Ta tafi Berlin ta yi finafinai, ana buga hotonta a jikin bango. Sai aka wayi gari mulki ya koma hannun masu ƙin Yahudawa, darakta ya kira ta ana tsakiyar ɗaukar fim ya ce kada ta dawo gobe, aka sake ɗaukar wurarenta da wata. Ta koma Viyana ta ci gaba da wasa, har mutanen nan suka biyo ta can. Daga nan Faris, daga Faris Lisbon, daga Lisbon jirgin ruwa. Mahaifiyarta ta ce ta tsufa da hijira, ta zauna jiran abin ya wuce. Aka zo aka tafi da ita, ko kabarinta babu.

Na ce, "To a nan fa? Ba su san ke ce ba?"

Ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Ta ce a nan Turancinta ne ya fara isa kunnen mutane kafin wasanta. Sai dai a sa ta fito a matsayin 'yar aikin gida mai buɗe ƙofa ta ce an kawo wasiƙa. Lokacin yaƙin duniya na biyu kuma aka yi ta nemanta a finafinai, saboda harshenta ya yi daidai da na abokan gaba. "Sau huɗu na fito a matsayin matar hafsan sojojin da suka kore ni, Rakiya. Da shi na ci abinci." Bayan yaƙi wannan ma ya ƙare. Ta koma ɗinkin safar hannu irin na ubanta, tana karanta labarai da Jamusanci a rediyo sau ɗaya a mako. Amma kowace safiya sai ta tsaya gaban taga ta motsa murya rabin sa'a, kamar da yamma za a ɗaga mata labule.

Sau biyu na tambaye ta dalilin dokar gwiwa. Sau biyun ta ce, "Wata tambayar."

A lokacin sanyi na biyu da na yi a can takarda ta zo daga Rano. Inna ta rasu. Kafin takardar ta iso an yi sadakar bakwai har an watse. Na zauna a ƙasan ɗakina ban san abin da zan yi ba, don a garin nan ko wanda zai ce maka ya haƙuri sai ka hau jirgi ka neme shi. Madam ta shigo, ta karanta fuskata. Ta yafa mayafi a kan madubi, ta jawo wata 'yar guntuwar kujera ta zauna kusa da ni, ƙafafu a miƙe. Ta ce, "Mu ma kwana bakwai muke zama." Ta kira Baba Issaka a waya, ya ɗebo matar Malam Garba da wasu suka zo aka yi addu'a. Tsofaffin matan benen suka yi ta shigowa da dafaffen ƙwai da burodi, ba su san Inna ba, ba su san inda Rano take ba. Kwana bakwai cur tsohuwar nan ba ta je ko gidan rediyo ba. Tun daga nan na daina ganinta a matsayin mai gida.

Da bazara aka bugo mata waya. Wani darakta ne mai wani ɗan gidan wasan kwaikwayo a kudancin gari, a ƙarƙashin wani bene, wurin bai fi azuzuwa biyu na makarantarmu ba. Ya ga wani tsohon fim ɗinta, ya yi ta cigiya har ya gano tana raye. Babbar rawa ya ba ta, ta farko tun barinta Viyana, shekara talatin da 'yan kai. Labarin wata tsohuwa ne da ɗanta ya kashe ɗan maƙwabciyarta a faɗa. Madam ta ajiye wayar ta shiga kicin ta fito, ta sake shiga ta fito, ba ta ɗauko komai ba.

Ni na zama mai karanta mata ɓangaren maƙwabciya. A nan na ga abin da ake kira sana'a. Tana zaune da kofi a hannu, sai kawai kafaɗunta su sauka, bakinta ya canja, in ga wata mata daban da ban taɓa gani ba. Na tambaye ta yadda take yi, ta ce daga tafiya take farawa, idan ta gano yadda mace take taka ƙasa sauran duk zai biyo. A jirgi ma haka take ƙura wa ƙafafun mutane ido har in ji kunya.

Amma ni na riga ta karanta shafin ƙarshe, kuma na yi shiru. A can an rubuta cewa tsohuwar za ta je gidan maƙwabciyar ta durƙusa ta nemi gafara.

Mako uku tana yin wurin a tsaye, darakta yana haƙuri. Ranar wata Alhamis ta dawo da rana tsaka, ta zauna a kicin ko kwat ba ta cire ba. Ya ce mata in babu durƙuson nan babu wasan. Ya ba ta zuwa Litinin, in ba za ta iya ba akwai wadda ke jira.

Ƙarfe huɗu na haɗa shayi na ajiye mata. Na ce, "Madam, tambayar yau. Gwiwar ce take ciwo?"

"Gwiwata ta fi taki lafiya."

"To mene ne?"

"Wannan tambaya ta biyu ce." Ta juya cokali a kofi ta juya, sannan ta ce, "Amma yau zan ba ki ita."

Ta ce kwana kaɗan bayan sojojin Jamus sun shiga Viyana, da hantsi, aka buga mata ƙofa. Mutanen unguwa ne, ɗaya daga cikinsu ma yakan aiko mata da furanni duk ranar buɗe sabon wasa. Suka fito da ita da wasu Yahudawan titin, aka ba kowa bokiti da burushi, aka ce su wanke titi. A ruwan an zuba wani abu mai cin fata. Jama'a suka kewaye su. Wani ya gane ta ya kira sunanta, taron ya ƙaru. Ta goge wurin da aka nuna mata tas, ta yunƙura za ta miƙe, aka sa ƙafa aka mayar da ita, aka ce wa ya ce ki tashi. Haka ta zauna a kan gwiwoyinta, babu abin gogewa, har inuwa ta juya. Da aka ce ta tashi, suka tafa mata.

"Tafin ƙarshe da aka yi mini a garinmu ke nan," in ji ta. "Wankin titi ba komai ba ne, uwata ta wanke ƙasa duk rayuwarta. Jiran ne, Rakiya. Ina ƙasa ina jiran wani ya ba ni izinin tashi."

Na tuna ranar da na zube mata a bakin ƙofa, kunya ta rufe ni.

Sai ta ɗago ta dube ni da idon nan nata na kallon ƙafafu. "Yanzu ni zan yi tambaya. Ke wa ya tilasta miki ranar nan?"

"Ba kowa. Gaisuwa ce. Haka nake gaida Inna kowace safiya."

"Nuna mini. Ba ni za ki yi wa ba. Ga kujera can."

Na koma bakin ƙofar kicin na cire silifas. Na tako a hankali, na tattara zane, na sauka gaban kujerar da babu kowa a kai, hannu ɗaya a ƙasa, kai a sunkuye gefe. Na ce, Inna ina kwana, an tashi lafiya, ya gajiya, ya ƙafar taki. Na ɗan jima a ƙasa, sannan na miƙe na share ido.

Ita kuwa ko ta kan hawayena ba ta bi ba, aiki ya motsa. Ta ce in sake. Na sake. Tana zagaya ni tana tambaya: me ya sa takalmi ne farko, a kan wace ƙafa nauyi yake, me ya sa bayana bai lanƙwashe ba, ina nake ajiye idona. Yau na ɗanɗana abin da nake yi wa mutane. A karo na biyar ta tsaya cak.

"Wa yake cewa ki tashi?"

Na ce, "Babu mai cewa. In na gama gaisuwata sai in tashi."

"Ko uwar taki ba ta cewa?"

"Me zai sa ta ce? Ai ni na kawo kaina."

Ta zauna a kujerar nan, ta ce gobe da safe za mu fara.

Juma'a da safe muka fara. Ta ture teburin falo, ta tsaya bakin ƙofa ta cire takalmi, ta tako, tana kaiwa rabi sai jikinta ya ƙi. Gumi ya keto mata, ta kama bango. Ta ce, "Kuma." Asabar ma haka, na ce yau ba ranar hutunku ba ce, ta ce ita da Asabar sun daɗe da rabuwa. Na lura duk sanda za ta sauka sai ta rufe baki ta ɗauke numfashi, na ce mata mu da magana muke sauka, gaisuwar ce take kai mutum ƙasa. Na koya mata ina kwana da lafiya lau, tana faɗa da harshen nan nata ina danne dariya. Ranar Lahadi bayan azahar, tana cikin cewa ina kwana, na ji gwiwoyinta sun taɓa katako. Ta zauna a haka tana haki, idonta a kaina. Na san abin da take jira, sai na kama bakina da ƙarfi na dubi taga. Can na ji motsi. Da na waiga tana tsaye.

Litinin ta je ta yi wa darakta, ta kuma kafa masa sharaɗi biyu. Za ta cire takalmi a bakin ƙofar maƙwabciya, ko da ba a rubuta ba. Sannan akwai inda maƙwabciyar take cewa tashi, a soke shi. Suka yi ta musu, ta ce masa ta fara wannan aiki kafin a haifi uwarsa, ya haƙura.

Wasan rana muka je, wata Lahadi. Baba Issaka ya ajiye tasinsa ya sa babbar riga ya zauna kusa da ni. Da aka zo ƙarshe, tsohuwar ta tsaya bakin ƙofa ta zare takalmanta ta jera su, ta tako a hankali, ta tattara siket, ta sauka, hannu ɗaya a ƙasa, kai a gefe. Baba Issaka ya raɗa mini, "Kai, wannan ai gaisuwar gida ce." Ta faɗi maganarta ta gama, ta ci gaba da zama a ƙasa, ya fi yadda muka saba a falo nesa ba kusa ba. Ɗakin ya yi tsit. Sai da ta ga dama ta dafa ƙasa ta miƙe, ta koma ta sa takalmanta ta fita. Mutane suka tashi tsaye suna tafi, ta dawo ta tsaya tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko murmusa ba.

Wasan bai yi dogon zango ba, 'yan makonni ne aka rufe. Wata jarida ta ba ta layi uku, ta yanke ta liƙa a ƙarƙashin hoton mai kambi. Ba a sake ba ta wata babbar rawa ba, kuma shekara biyu bayan na dawo gida ɗaya daga cikin tsofaffin matan benen ta rubuto mini cewa ta rasu a kujerarta ta gaban taga. Na yi mata kuka irin wanda na yi wa Inna.

Amma a ranar, bayan an watse, na bi ta wani lungu na sami ɗakin da take cire kwalliya. Tana zaune gaban madubi da tawul a wuya, ita kaɗai. Ban yi shawara da kaina ba. Na ga dai takalmana a bakin ƙofa, na ji gwiwoyina a kan siminti mai sanyi. Tun ranar da ta daka mini tsawar nan a bakin ƙofa ban durƙusa wa mai rai ba.

Na ce, "Iya, sannu da aiki. Ya gajiya?"

Sai a lokacin na tuna doka, gabana ya faɗi. Na ji ta juyo da kujera. Hannunta mai ƙanshin man goge kwalliya ya sauka a kan ɗankwalina.

Ta ce da Hausa, "Lafiya lau."

Na gaishe ta da gida, na gaishe ta da ƙafa, na gaishe ta da sanyi, na yi ta jero gaisuwar da ta taru mini kusan shekara biyu, tana amsa kowacce da lafiya lau ɗin nan guda ɗaya da ta iya. A waje Baba Issaka yana ta danna ham. Ba ta ce in tashi ba. Hannunta yana kaina har na gama.